Zaɓen giya a motar kat-kat: rairayi, laka, dutse da ƙorama

Hanyar kwalta a ƙasarmu ba ta da yawa. Babbar hanya mai lamba 1 ta bi ta Yamai, Doso, Birnin Ƙonni, Maraɗi da Damagaram, ta nufi Difa. Wata ta bi ta Tawa zuwa Agadas da Arlit. Amma yawancin ƙauyukanmu nesa suke da waɗannan hanyoyi. Motar asibiti da za ta ɗauko mai naƙuda, da motar da ke kai hatsi kasuwa, da motar ƴan allurar rigakafi, duka sai sun sauka daga kwalta sun shiga burji, ko rairayi, ko fadama. Shi ya sa ake sayen mota mai jan taya huɗu, wadda muke kira kat-kat, irin su Land Cruiser da Hilux.

Sai dai kat-kat ma tana kafewa. Sau da yawa kuma ba laifin motar ba ne. Direba ne ya shiga wuri mai wuya da giyar da ba ta dace ba, sa'an nan ya nemi canzawa a tsakiya, lokacin da dama ta riga ta wuce. Ana zaɓen giya ne kafin a shiga, ba bayan an shiga ba. Wannan bayani domin direbobi ne da yaran mota, da kuma ƴan kwamitin ƙauye waɗanda aka danƙa wa amanar motar jama'a.

Aikin giya

Giya (ba ta sha ba, ta mota, wadda ake ce wa vitesse da Faransanci) ita ce ke raba aikin inji tsakanin ƙarfi da gudu. Ƙaramar giya, wato ta 1 da ta 2, kamar san noma take: ba ta sauri, amma tana jan nauyi. Babbar giya, ta 4 da ta 5, kamar doki take: tana gudu, amma ba ta jure ja mai nauyi. Ba a samun biyun a lokaci guda.

A kat-kat, kusa da babbar sandar giya akwai wata ƙaramar sanda. Ita ce ke sarrafa wani akwatin giya na biyu, wanda ke bayan na farko. Aikinsa biyu ne. Yana aika ƙarfin inji zuwa tayun gaba, kuma yana iya ninka ƙarfin dukan giyoyin.

Haruffan da ke kan ƙaramar sanda

A kan sandar za ka ga an rubuta H2, H4, N da L4. A wasu motoci lambar ce ke gaba: 2H, 4H, 4L. Ma'anar ɗaya ce. Lambar tana faɗin yawan tayun da ke ja. Haruffan kuwa daga Turanci suka zo, amma ga hanya mai sauƙi ta riƙe su da Hausa: H, hanzari, L, lallaɓawa.

H2 na kwalta ne da burji mai kyau. Tayun baya ne kaɗai ke ja, mota ba ta shan mai da yawa.

H4 na rairayi marar zurfi ne, da burji mai santsi bayan ruwa, da duk inda ake iya tafiya da ɗan gudu amma ƙasa ba ta riƙe taya sosai. Tayu huɗu ke ja, amma giyoyin suna nan yadda suke.

L4 shi ma tayu huɗu ne, sai dai kowace giya tana samun ƙarfi ninki biyu zuwa biyu da rabi, gudunta kuma ya ragu daidai haka. Giya ta 4 a L4 kusan ɗaya take da giya ta 2 a H4. Ke nan a ƙasa da giya ta 2 ta kullum, inda da mataki ɗaya kawai kake da shi, yanzu kana da uku. In hanya ta ba ka damar wuce kilomita 30 a awa ba tare da wahala ba, ba ka bukatar L4.

N kuwa a yi hattara da shi. In ƙaramar sanda tana kan N, inji ya rabu da tayu baki ɗaya. Ko da babbar sanda tana cikin giya, mota za ta iya gangarawa da kanta. Kada a taɓa ajiye mota a haka, balle inda yara ke wasa.

Daga H2 zuwa H4, yawancin motoci sun yarda a canza ana cikin tafiya, in an rage gudu kuma sitiyari yana miƙe. Littafin kowace mota ya faɗi iyakar gudun. Shiga L4 ko fita daga cikinsa kuwa, sai an tsaya cik, an taka kuloci har ƙasa. In ka ji haƙoran giya suna gurzar juna, kada ka tilasta. Saki, ka matsa gaba kaɗan, ka sake gwadawa.

Makullin tayun gaba

Yawancin tsofaffin Hilux da Land Cruiser samfurin 70, wanda aka fara ƙerawa a 1984, suna da wani maɓalli a cibiyar kowace tayar gaba. An rubuta FREE a gefe ɗaya, wato a sake, da LOCK a ɗaya gefen, wato a kulle. In ba a murɗa su zuwa LOCK ba, ko ka sa H4 tayun gaba ba za su ja ba. A wasu motocin fitilar da ke gaban direba za ta kama duk da haka, ya ɗauka ya shiga kat-kat, alhali tayu biyu ne ke aiki. In an kulle ɗaya an manta ɗayan, shi ma daidai yake da ba a kulle ba. Mafi muni shi ne sa L4 alhali makullan suna sake, domin duk ƙarfin nan da aka ninka zai faɗa kan ƙarafan baya su kaɗai.

Ya kamata wannan ya zama aikin farko na yaron mota da zarar an sauka daga kwalta. Kulle su a wurin da ƙasa take da tauri ya fi sauƙi da shiga laka har gwiwa ana laluben maɓalli.

Me ya sa ba a hawa kwalta da H4?

Wasu suna cewa tun da tayu huɗu sun fi biyu, gara a bar mota a H4 kullum. Wannan kuskure ne mai tsada. Idan mota tana shan kwana, tayun gaba suna bin zagaye mai faɗi, na baya suna bin ƙarami. Ke nan na gaba sun fi yin tafiya. A H4 an ɗaure gaba da baya su juya tare. A kan rairayi ba matsala, domin taya takan ɗan zame ta rage bambancin. A kan kwalta busasshiya ba ta zamewa, sai ƙarafan cikin mota su riƙa murɗuwa. Alamarsa ita ce sitiyari ya yi nauyi, mota ta riƙa tirjewa a kwana, tayu su riƙa ƙara, ƙaramar sanda kuma ta ƙi fita. In ta ƙi fita, koma da baya ƴan mitoci a miƙe, za ta saki. In aka ci gaba da haka, tayu za su cinye, daga baya akwatin giya ko farfela su lalace.

Akwai motoci irin su Prado waɗanda aka ƙera tayunsu huɗu su ja kullum, har a kan kwalta. Su suna da wata na'ura a tsakiya da ke raba juyi tsakanin gaba da baya. A irinsu, kulle na'urar nan ta tsakiya shi ne daidai da sa H4, kuma dokar ɗaya ce: ba a kulle ta a kan kwalta.

Rairayi

Wanda ke bin hanyoyin Dakoro, Mayahi, Tanut ko Gure ya san rairayi ne babban abin fama. Rairayi yana riƙe taya kamar ana taka birki. Abin da ke fid da mota shi ne tafiya marar yankewa. Da zarar ka taka kuloci domin canza giya, inji ya daina ja, rairayi ya kama mota, kafin ka saki kuloci ta tsaya. Saboda haka dubi wurin tun daga nesa, ka sa giyar da za ta kai ka ƙarshensa.

A rairayi marar zurfi, da mota marar kaya da yawa, H4 da giya ta 2 ko ta 3 sun isa. A rairayi mai zurfi, ko da mota mai nauyin kaya, L4 da giya ta 3 ko ta 4 sun fi. Dalili shi ne a H4 giya ta 2 takan yi wa inji nauyi ya nemi mutuwa, ta 1 kuma ta sa shi kuka ba tare da gudu ba. L4 ya cike giɓin da ke tsakaninsu. Giya ta 1 a L4 ba ta rairayi ba ce. Ƙarfinta ya yi yawa, tayu sai su haƙa rami.

Saurari inji. In yana nishi yana raguwa, giyar ta yi girma. In yana ihu mota ba ta gaba, giyar ta yi ƙanƙanta, ko kuwa tayu ne ke juyawa a banza. A motar gazuwal, allurar da ke nuna juyin inji ta zauna tsakanin 2 da 2 da rabi. A riƙa duba allurar zafi kuma, domin doguwar tafiya cikin rairayi tana zafafa inji.

A ganina, rage iskar taya ya fi kowace dabarar giya amfani a rairayi, amma shi ne abin da direbobi suka fi ƙyuyar yi. Dubi tafin raƙumi, ka dubi kofaton jaki: mai faɗin ne ba ya nutsewa. In ka rage iska, wurin da taya ke taɓa ƙasa yana ƙara tsawo, sai ta hau kan rairayi maimakon ta tone shi. Tayar da ke ɗaukar kilo 2 da rabi ko fiye a kwalta, ana iya rage ta zuwa wajen kilo 1 da rabi. In kaya sun yi nauyi kada a rage sosai. Ƙasa da kilo 1 taya na iya fita daga kan ƙarfenta. Da tayar da aka rage wa iska ba a gudu, ba a kuma karya kwana da ƙarfi. Wannan duka sai da ma'aunin iska da famfo a cikin mota, domin ba mai faci a daji.

Rairayi ya fi tauri da sassafe, lokacin da yake da sanyi da ɗan danshi. Da tsakar rana yakan yi laushi. In akwai zaɓi, a yi sammako. In za ka tsaya, nemi wuri mai tauri ko inda hancin mota ke kallon gangara, ka ɗaga ƙafa daga totur ka bari ta tsaya da kanta. Birki mai ƙarfi yana tara tudu a gaban kowace taya, wanda sai ka hau shi kafin ka tashi.

In mota ta tsaya tayu suna juyawa, ɗaga ƙafa nan take. Ƙarin wuta ba ya fid da ita, binne ta yake yi har cikinta ya zauna a ƙasa. Gwada komawa da baya a kan sawunka, domin wurin da ka taka ya riga ya danne. In ta ƙi, a sauke mutane, a share rairayin gaban tayu da shebur, a ƙara rage iska, a shimfiɗa falankin ƙarfe ko kara, a tashi da giya ta 2 a L4 sannu a hankali. Masu turawa kada su tsaya a bayan falankin, domin taya takan cilla shi baya da ƙarfi.

Laka

Daga Yuni zuwa Satumba, fadama da ƙasar yumɓu sukan zama taɓo. A nan ma giya ta 2 ko ta 3 a L4 ake so, da wuta madaidaiciya. Babbar giya tana rage zamewar taya. Sauka ka soka sanda ka ji zurfin. In sawun manyan motoci ya yi zurfi, cikin motarka zai zauna a kan tudun tsakiya, tayu su rataye. In tayu suka fara zamewa, karkaɗa sitiyari hagu da dama kaɗan-kaɗan domin gefen taya ya sami abin kamawa.

Wani abu da ba na injiniya ba ne amma ya shafi direba: da damina, kauce wa taɓo ta cikin gonar mutum yana nufin take masa gero. Wannan yakan jawo rigima tsakanin ƙauye da masu mota. In dole ne a ratsa, a nemi izini.

Hawa da gangara

A ƙasar Adar, wajen Keita da Buza, akwai hawa mai duwatsu. A kan duwatsu, L4 da giya ta 1 ake sawa, a tafi kamar mai tafiya da ƙasa. Cire ƙafa daga kuloci gaba ɗaya. Riƙe kuloci rabi domin rage gudu yana ƙona shi, kuma L4 an yi shi ne domin kada a bukaci haka. Ɗora taya a kan babban dutse ya fi barinsa ya bi ta ƙarƙashin mota. Kada ka sa manyan yatsunka cikin da'irar sitiyari, domin in taya ta bugi dutse sitiyari yakan juya da ƙarfin da zai iya karya yatsa.

Hawa mai tsayi ana yinsa da giya ta 2 a L4, ko ta 3 in tudun rairayi ne, a fuskance shi kai tsaye. In mota ta kasa a tsakiya, taka birki, sa giyar baya, saki kuloci, ka bar inji ya sauko da kai a miƙe. Kada ka nemi juyawa a jikin tudu, kada kuma ka sauko da kuloci a take. Motar da aka lafta wa kaya da mutane a sama tana saurin kifewa in ta ba gangara gefe. Kafin irin wannan wuri, fasinjoji su sauka su taka.

Gangara mai tsanani kuwa, tsaya a sama, sa L4 da giya ta 1, ka ɗauke ƙafa daga kuloci. Injin ne zai riƙe motar. In ka taimaka da birki, to a hankali. Wasu direbobi suna fid da giya a gangara wai domin tsimin mai. Man da za su tsimi bai kai ran mutum ɗaya ba. A kuma sani cewa jan taya huɗu yana taimaka wa mota ta tafi, amma ba ya taimaka mata ta tsaya. A kan burji, nisan da kat-kat ke bukata kafin ta tsaya bai gaza na ƙaramar mota ba, nauyinta ma yakan ƙara shi.

Ƙorama

A nan ne ake asarar rayuka. Ƙoramunmu sukan cika cikin ɗan lokaci, ko da ba a yi ruwa a inda kake ba. Gulbin Maraɗi, alal misali, daga ƙasar Katsina ya taso. Majiya da ƙoramun Adar kuma daga kan duwatsu suke kwaso ruwa. Sararin sama yana iya zama garau a kanka, ruwa kuma yana tafe.

Ruwa mai gudu da ya kai santimita 15 yana iya kayar da babban mutum. Mai santimita 30 yana iya ɗaga ƙaramar mota. Mai santimita 60, wato ya ɗan wuce gwiwa, yana iya tafiya da kat-kat. Ba wata giya da ke maganin wannan, domin in ruwa ya ɗaga mota tayu ba su taɓa ƙasa. Daɓen simintin da ake yi inda ƙorama ta ratsa hanya, wanda ake kira radiye, shi ma ba tabbas ba ne: ruwa yakan rufe gefensa, yakan kuma cinye ƙarƙashinsa. In mutum ba zai iya ƙetarewa da ƙafa cikin natsuwa ba, mota ma kada ta shiga. Ruwan ƙorama yakan janye bayan ƴan awoyi. Ko mai naƙuda aka ɗauko, jira a baki ko neman wata hanya ya fi shiga.

In ruwan a kwance yake kuma marar zurfi, a fara shiga da ƙafa da sanda, a san zurfinsa da irin ƙasar da ke ƙasa, a duba mafita a ɗaya gaɓar. A buɗe gilasai. A sa L4 da giya ta 2 tun a baki. A shiga a hankali, a riƙe wuta ɗaya har a fita. Ba a taɓa kuloci a cikin ruwa, domin ruwa da laka sukan shiga tsakanin faifansa ya riƙa zamewa. Ba a kuma faɗawa da gudu, domin ruwan zai tashi ya shiga inda inji ke shaƙar iska. Ruwa ba ya matsuwa kamar iska. In ya shiga inji, ƙarafan ciki sukan lanƙwashe. Saboda haka in mota ta mutu a cikin ruwa, kada a sake tayar da ita, a jawo ta waje, makaniki ya duba. Bututun shaƙar iska da ake ɗagawa har saman mota yana kare inji, amma ba ya hana ruwa tafiya da mota. Bayan an fita, a riƙa taka birki kaɗan-kaɗan ana tafiya har ya bushe ya dawo da kamunsa.

Sababbin motoci

Motoci da yawa na yanzu ba su da ƙaramar sanda, sai wani maɓalli da ake murɗawa, mai haruffan nan dai. Bayan ka murɗa, jira fitilar ta daina ƙyaftawa, sa'an nan ka san ta shiga. A mota mai canza giya da kanta, marar kuloci, ana tsayawa a sa babbar sanda a N kafin a shiga L4. A gangara da cikin ruwa kada a bar ta a D, a riƙe ta a ƙaramar giya da hannu.

Wasu motocin kuma suna da maɓallin kulle tayun baya, ko na baya da na gaba, su juya tare. Amfaninsa shi ne inda taya ɗaya ta rataye ko tana kan santsi, ta riƙa juyawa ita kaɗai ƴar'uwarta tana tsaye. Ana sa shi a tsaye ko ana tafiya kamar ta ƙasa, ba lokacin da taya ke cikin juyawa a banza ba. Na baya ake fara sawa. In an kulle na gaba, mota ba ta son shan kwana, saboda haka a cire shi da zarar an wuce wurin.

In an dawo kwalta

Tsaya a gefen hanya. Mayar da ƙaramar sanda H2, ka tabbata fitilar ta mutu. Murɗa makullan gaba su koma FREE. Cika tayu da iska kafin ka yi gudu, domin taya mai ƙarancin iska tana zafi a kwalta har ta fashe. In an bi laka, a wanke ƙarƙashin mota da cikin tayu. In an shiga ruwa mai zurfi, a sa makaniki ya duba man akwatin giya da na ƙarafan tayu. In man ya koma fari kamar madara, ruwa ya shiga, sai a canza shi. Motar da ta daɗe ba ta bar gari ba, a riƙa kulle makullan gabanta sau ɗaya a wata a yi tafiyar kamar kilomita 15 a H2, domin mai ya zagaya ƙarafan gaba.